Sun ce za su rufe mini asusu cikin awa 24, in danna ko in bari?

Alhaji Mai Dankali: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin waya ku duba mini wani abu. Da asubar nan na tarar da imel da sunan kamfanin da nake karɓar kuɗin kaya ta asusunsu. Tambarinsu ne, launinsu ne, komai tsaf. Wai BVN ɗina, lambar tantancewa ta banki, bai yi daidai da NIN, lambar katin ɗan ƙasa, ba, kuma bisa umarnin Babban Bankin Najeriya, CBN, za su dakatar da asusun cikin awa 24 in ban danna wani koren maɓalli na sabunta bayanaina ba. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne jiya motar dankali da kabeji ta tashi daga kasuwar Farin Gada a Jos zuwa Fatakwal, kuma ta asusun nan mutanen za su turo kuɗi. Ga manoman Bokkos suna jirana. Ban danna ba tukuna. In danna ko in bari?

Mai POS Bauchi Road: Wa alaikumus salam. Alhaji kar ka danna! Ɗauke hannunka daga kan saƙon nan gaba ɗaya. 'Yan damfara ne, kusan kullum sai wani ya kawo mini irinsa shago in duba masa.

Alhaji Mai Dankali: To amma yarona, maganar NIN ɗin nan ai ba ƙarya ba ce. Na ji ta a rediyo da kunnena.

Baba Ritaya: Alhaji, maganar tana da tushe. A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya fitar da umarni cewa kowane asusu, har da na waya, dole a haɗa shi da BVN ko NIN, kuma daga 1 ga Maris 2024 duk wanda bai haɗa ba, za a hana shi cire kuɗi. Abin da ka ji ke nan a rediyo. Su kuma mutanen nan ba sa ƙirƙiro ƙarya daga sama, abin da kowa ya riga ya ji suke ɗaukowa su ɗora tasu a kai. Na yi aikin banki har na yi ritaya, ban taɓa ganin an gyara saɓanin suna tsakanin BVN da NIN ta hanyar danna maɓalli a imel ba. Ko dai a reshe ne, ko ofishin NIMC masu ba da NIN, ko kuma cikin manhajar kamfanin da kai ka buɗe da hannunka.

Injiniya daga Abuja: Kawu Alhaji barka da asuba. Yi abu ɗaya yanzu. Fita daga imel ɗin, ka buɗe manhajar kamfanin da ke kan wayarka, wadda ka saba shiga kullum. In da gaske asusunka yana da matsala, za ka tarar da sanarwar a can ciki tana jiranka. In ka shiga ka ga komai lafiya, magana ta ƙare.

Alhaji Mai Dankali: Na shiga. Babu wata sanarwa, kuɗina na nan, har na tura wa ɗan dako nasa ya shiga. Alhamdu lillahi. Allah ya yi muku albarka.

Malama Rikkos: Alhamdu lillahi. Amma Injiniya kar ku tsaya nan. Ku koya mana yadda ake gane su, don ba kullum za a samu wani a farke ya amsa mana ba.

Mai POS Bauchi Road: Anti abin ba wuya. Ni da na karanta layi biyu nake gane su. Turancinsu a karkace yake, ba sa kiran sunanka sai dai su ce kwastoma, sannan kullum cikin gaggawa suke: awa 24, awa 48, yau ne ƙarshe. In kin ga waɗannan, na jabu ne.

Injiniya daga Abuja: Ɗan'uwa, maganar gaggawa na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sauran biyun kuwa sun tsufa, kuma ina jin tsoron mu koya wa iyayenmu su, domin duk wanda ya riƙe cewa na jabu Turancinsa a karkace yake, ranar da mai kyakkyawan Turanci ya zo masa zai amince. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum duk abin da ya ce ta rubuta, ya fito a ƙarshen 2022, yaron da ko wasiƙar neman aiki ba zai iya rubutawa ba yana iya fitar da saƙo mai tsabta cikin minti ɗaya. Wasu ma ba rubutawa suke yi ba, imel ɗin kamfanin na gaske suke kwafewa kaf, su canja inda maɓallin yake kai mutum kawai. Suna kuma ba abin wuya ba ne. Duk wanda ke da lambar asusunka, in ya sa ta a manhajar banki kamar zai turo maka kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa.

Mai POS Bauchi Road: Wannan gaskiya ne, ni ma kullum haka nake tabbatar da sunan mai karɓa kafin in tura. Amma dai Yaya har yanzu da yawansu ba sa kiran suna.

Injiniya daga Abuja: Haka ne. In bai kira sunanka ba, ka zarge shi. In ya kira, wannan bai wanke shi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni wannan na fahimce shi sarai, don sana'ata ce. Atamfar jabu ma da takardar Holan take zuwa a manne, da hatimi da lamba a bakin zane, wani lokaci ma ta fi ta gasken ƙyalli. Mu ba takarda muke dubawa ba, wajen wa ka saro muke tambaya.

Injiniya daga Abuja: Hajiya kin gama magana. Tambari da launi kowa yana iya saukowa da su daga intanet kyauta. Bari in nuna inda ake duba asalin, ga mai son sani.

A Gmail na waya, abin da kake gani a sama da baƙin rubutu suna ne kawai, kuma mai aikowa ne yake rubuta abin da ya ga dama. Yana iya rubuta sunan bankinka, yana iya rubuta CBN. Taɓa ɗan kibiyar da ke ƙarƙashin sunan, cikakken adireshin zai buɗe. Abin da ke bayan alamar @ shi za ka duba. In ka ga gmail.com ko yahoo.com alhali ya ce shi banki ne, ka gama da shi. Wani lokaci kuma sunan ne aka ɗan murɗe: a sa lamba 1 a madadin ƙaramin harafin l, kamar paypa1, ko a jera r da n su yi kama da m. A ƙaramin gilashin waya, da sassafe, ido bai gama buɗewa ba, wallahi ba kowa zai lura ba.

Shi kuma maɓallin, in ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe ba ka saki ba, wayar za ta nuna maka adireshin da zai kai ka. A nan ne ake kayar da mutane da yawa, har masu digiri, domin daga hagu muke fara karatu, da mun ga sunan da muka sani sai hankali ya kwanta. Ga misali, ni na haɗa shi don bayani:

cbn.gov.ng/shiga
cbn.gov.ng.tantance-bvn.top/shiga

Na farko a shafin Babban Banki yake. Na biyu ba ruwansa da CBN ko kaɗan. Nemo sandar farko mai karkata, wannan /, ka dawo baya. Abin da ke manne da ita shi ne ainihin mai shafin. A na biyun, mai shafin shi ne tantance-bvn.top, duk abin da ke gabansa ado ne da shi ya rubuta don ya yaudari ido.

Malama Rikkos: To kwaɗon nan fa? A wata bita da aka yi mana an ce in mun ga alamar kwaɗon kulle ƙofa a saman shafi, amintacce ne.

Injiniya daga Abuja: Anti kwaɗon yana nufin abin da kika rubuta zai isa wurin mai shafin ba tare da wani ya leƙa a hanya ba. Bai ce komai kan ko wane ne mai shafin ba. Ɓarawo ma yana samun kwaɗon nan kyauta. Saboda ruɗa mutane da yake yi ne ma Google ya cire alamar daga burauzar Chrome a 2023 ya sa wata daban.

Ɗalibin Unijos: Yaya Injiniya in ƙara wani abu da ya shafi mu masu yi wa mutanen waje aikin zane da rubutu ana biyan mu da dala. Akwai salon da duba adireshin ma ba ya kama shi. A PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, duk mai asusu yana iya aika wa kowane imel takardar neman biya. Sai ɗan damfara ya aiko maka da ita, wai ka sayi wani abu na dala ɗaruruwa, a wurin bayani kuma ya rubuta cewa in ba kai ba ne ka kira wannan lambar. Imel ɗin daga paypal.com zai zo da gaske, don na'urarsu ce ta aiko shi. Lambar wayar ce tarkon. Kana kira za a ce za a taimake ka a soke, sai ka ba da lambobin kati ko ka sauke wata manhaja da za ta ba su damar sarrafa wayarka. PayPal ɗin ma sun san da shi, suna cewa a tura musu irin waɗannan saƙonni zuwa phishing@paypal.com. Masu Payoneer, wani kamfanin irinsa, su ma ana aiko musu da na ƙarya, wai kuɗi ya shigo amma an riƙe sai ka tabbatar da asusu.

Injiniya daga Abuja: Na gode ƙanena, ka kawo ni inda nake son zuwa. Duk bayanin adireshin da na yi a sama taimako ne, amma ba shi ne kariya ba. Ba zan ce wa mahaifiyata ta riƙa ɗora yatsa kan maɓalli tana karanta sanda mai karkata ba, yatsan ma yana iya zamewa ya danna. Abin da na ce mata shi ne: duk saƙon da ya zo miki kan kuɗi, ta imel ne, tes ne, WhatsApp ne, kar ki shiga asusunki ta cikinsa, kar ki kira lambar da ke cikinsa. Rufe shi, ki buɗe manhajar da kanki, ko ki juya katinki ki kira lambar da ke bayansa. Mai wannan ɗabi'a ba ya bukatar ya iya bambance na gaske da na jabu, domin ko wanne ne ba ta nan zai bi ba.

Baba Ritaya: Shawara ce mai kyau ɗana, sai dai ina da ƙorafi, kuma kan gidanmu na dā ne. Bankunan da kansu suna lalata wannan tarbiyya. Yau su aiko maka cewa kar ka taɓa danna linki, gobe su aiko da talla mai maɓalli: danna nan ka ci kyauta, danna nan ka karɓi rance. Ta yaya talaka zai gane ranar da ake dannawa da ranar da ba a dannawa? Ni a ganina duk kamfanin da ke riƙe da kuɗin jama'a bai kamata ya sa linki a saƙonsa ba sam.

Injiniya daga Abuja: Baba ban ƙi ba. Amma kafin su gyara, mu abin da ke hannunmu shi ne mu ƙi danna har nasu ɗin. Ba abin da za ka rasa, in rancen na gaske ne yana cikin manhaja.

Ɗan Gangare: Ni fa jama'a ku yi haƙuri, gaskiya ɗaya ce. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ba ya neman na banza ba a damfararsa. A ce maka ka ci kyautar da ba ka shiga gasarta ba, kai kuma ka miƙa lambar sirri, wa ya cuce ka in ba kai ba?

Malama Rikkos: A'a Malam, wannan maganar ba zan bar ta ta wuce ba. Me Alhaji ya yi kwaɗayi a saƙon da aka aiko masa? Tsoro suka jefa masa, ba kyauta suka yi masa alkawari ba. Akwai wata abokiyar aikina, bazawara ce da yara, ita ke riƙe da kuɗin adashinmu. Saƙo ya zo mata cewa wani ya shiga asusunta daga wata waya a Legas, in ba ita ba ce ta danna ta toshe. Ta danna ne don ta kare amanar mutane. Shafin da ya buɗe ba shi da maraba da na gaske. Ta sa lambar waya, ta sa kalmar sirri, ta sa lambar cire kuɗi. Sai ga tes ya shigo da lambar OTP, wato lambar tabbatarwa da ake amfani da ita sau ɗaya, kuma daga kamfanin na gaske, cikin jerin saƙonnin da suka saba aiko mata. Wannan ne ya ƙara kwantar mata da hankali ta rubuta lambar. Tana tsaye a bakin aji alat ya fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Baiwar Allah nan ta kwana biyu ba ta faɗa wa kowa ba, saboda irin maganar da ka yi yanzu take gudu. Ranar da ta faɗa mana a ofishin malamai ko ɗaga kai ba ta iya yi, gefen mayafinta kawai take murzawa. Har yau tana biyan kuɗin nan daga albashinta.

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar mata da alheri, ya saka mata.

Ɗan Gangare: Amin. Ban san da irin wannan ba Malama, Allah ya ba ta mafita. Amma ta yaya lambar ta zo daga kamfanin gaske in shafin na ƙarya ne? Ko da hannun na ciki?

Injiniya daga Abuja: Ba sai da na ciki ba. Lokacin da take rubuta bayananta a shafin jabu, mutumin yana zaune yana kallon su suna shigo masa, nan take yana sa su a manhajar gaske a tasa wayar. Kamfanin ya ga sabuwar waya tana son shiga asusu da kalmar sirri daidai, sai ya yi abin da ya kamata, ya aika wa mai asusun lambar tabbatarwa. Shafin jabun kuma ya riga ya buɗe mata akwatin da za ta zuba lambar. Tes ɗin na gaske ne, inda ta rubuta shi ne na ƙarya. Shi ya sa nake roƙon kowa, in OTP ya shigo kar ka tsinci lambar kawai, karanta saƙon duka. Yawanci yana faɗin abin da aka nema: shiga daga sabuwar waya, ko tura kuɗi kaza. In abin da ya faɗa ba shi kake yi ba, wani ne ke yi a madadinka a daidai wannan lokacin.

Wata alama kuma: in ka ajiye kalmar sirrinka a wayar, ta saba cika maka ita da kanta, ranar da ka buɗe shafi ta ƙi cikawa, dakata. Ita wayar ba tambari take dubawa ba, adireshi take dubawa.

Barista: Don in ƙarfafa maganar Malama. Wanda ya ce sai jahili ko makwaɗaici ake kamawa ya duba shari'ar Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi. A watan Fabrairu na 2021 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 10 kan damfarar kusan dala miliyan 11. Kamfanin da aka cuta, Unatrac, injinan Caterpillar yake sayarwa, kuma babban jami'in kuɗinsa ne aka aika wa imel mai linki, ya buɗe shafin jabu ya rubuta kalmar sirrinsa. Mutumin da aikinsa ke nan tsare kuɗi. A nan gida kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta ambaci wannan laifi, hukuncinsa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun. Laifin na wanda ya haɗa shafin ne. Kunyatar da wanda aka cuta ɓarawon kawai take yi wa amfani, don kwana biyun da aka yi shiru su ne lokacin da ake iya ceto wani abu.

Malama Rikkos: Barista to da ta yi magana da wuri me za a yi?

Barista: Tiransifa ta tsarin NIBSS, wanda ke haɗa bankunan Najeriya, cikin daƙiƙoƙi take isa, su kuma ba sa barin kuɗin wuri ɗaya, rarraba shi suke zuwa asusai daban-daban su cire. Saboda haka abu na farko a kira banki ko kamfanin a toshe asusu da kati, a ce musu damfara ce, a nemi su sanar da bankin da kuɗin ya shiga ya riƙe abin da ya rage. A karɓi lambar ƙorafi a rubuce. A adana imel ɗin, kar a goge, da alat ɗin da ke ɗauke da lambar cinikin. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, don sau da yawa sai da umarnin kotu ake sakin kuɗin da aka riƙe. In banki ya yi watsi da kai, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a CBN. Ba na yi wa kowa alkawarin kuɗi zai dawo, amma wanda ya kira cikin awa ɗaya da wanda ya kira bayan kwana biyu ba ɗaya suke ba.

Injiniya daga Abuja: A haɗa da canja kalmar sirrin imel ɗin kansa, musamman in iri ɗaya ce da ta asusun. Mai riƙe da imel ɗinka yana iya cewa ya manta kalmar sirri a wasu wuraren, a aiko masa da sabuwa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lamba da ake nema kafin a shiga, a Gmail da WhatsApp.

Mai POS Bauchi Road: Kuma don Allah wajen neman lambar kamfani kar a je Google a buga a kira ta farkon da ta fito, ko a je Facebook ko X a rubuta kuka a fili. Akwai shafukan jabu masu tambarin banki da ke gadin irin wannan, kana rubutawa za su biyo ka ta akwatin sirri wai su ne masu kula da kwastomomi. Na ga dattijon da aka cuta sau biyu a rana ɗaya ta haka, na biyun wai kuɗin dawo da na farkon ya biya. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a toshe asusu ko da daga wayar wani ne. Kowa ya nemi ta bankinsa yau ya rubuta a takarda ya ajiye a gida, ba cikin wayar ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mu ba mu zaɓi wannan rayuwar ba. Tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002 muke raɓe-raɓe a Terminus, ba wurin ajiyar kuɗi mai aminci. Sai ga canjin kuɗin farkon 2023, takardar naira ta ɓace, dole kowa ya koma tiransifa, har mai sayar da yalo. Yara suka buɗe mana asusu, suka buɗe mana imel, wallahi da yawanmu ko kalmar sirrin imel ɗin ba mu sani ba. Yanzu jarin mace gaba ɗaya yana cikin waya, kuma saƙonnin duk da Turanci. Sannan ina suke samun imel ɗinmu tun farko?

Baba Ritaya: Tambayar da nake yi ke nan Hajiya. Ko'ina ka je a ce kawo hoton katin NIN, cike fom, sa lambar waya, sa imel. Je ka shagon buga takardu ka ga kwafin katunan mutane a zube cikin kwandon shara.

Barista: Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma ana iya kai ƙarar duk wanda ya yi sakaci da bayanan mutane. Amma Hajiya ba kullum ne suka san ki ba. Sau da yawa saƙo ɗaya ake watsa wa dubban adireshi. Wanda ba shi da asusu a kamfanin ya share, wanda yake da shi ya ɗauka an san shi ne.

Mai POS Bauchi Road: Tunda an zo nan, iyayenmu ku daina miƙo mana kati kuna faɗin lambar sirri da ƙarfi a bainar jama'a. Ko ni ban kamata in ji ta ba. Karɓi na'urar ka danna da kanka, ka sa ɗaya hannun ka rufe.

Ɗalibin Unijos: Kawu Alhaji, hoton saƙon da ka turo wa Yaya Injiniya ka sako shi nan ma, adireshin imel ɗinka da rabin lambar wayarka suna fitowa a sama.

Shugaban Zaure: Na cire shi. Daga yau duk mai son a duba masa saƙo ya turo, babu mai yi masa dariya, amma ya rufe suna da lambobi kafin ya sako. Kuma kar wanda ya kwafo linkin kansa ya liƙa a nan, wani zai danna bisa tsautsayi.

Alhaji Mai Dankali: Madalla. Tambaya ɗaya ta rage mini. Tunda na buɗe imel ɗin na karanta, ba su riga sun shiga wayata ba?

Injiniya daga Abuja: A'a Kawu, karantawa kawai ba ta ba su asusunka. Haɗarin yana cikin rubuta bayanai a shafinsu, ko sauke fayil ɗin da suka maƙala, musamman wanda sunansa ya ƙare da apk, don wannan manhaja ce za ta zauna a waya tana karanta tes ɗinka har da OTP. Kar ka ba su amsa, ko ta zagi ce, amsa tana nuna musu adireshin yana aiki. Taɓa ɗigo ukun da ke saman saƙon ka kai rahotonsa ga Gmail.

Hajiya Mai Atamfa: Injiniya ɗana, wannan dogon rubutun matan layinmu ba za su karanta ba. Ka yi mana shi da murya, gajere, da Hausa zalla, in tura musu.

Injiniya daga Abuja: In sha Allahu Hajiya, in na tashi daga ofis zan ɗauka. Anti Malama ki saurara kafin a tura, in akwai inda na cika Turanci ki gaya mini in sake.

Malama Rikkos: To, ina jira. Ka sa maganar OTP ɗin a farko.